Zazzaɓi Ya Tafi, Gajiya Ta Zauna

Ya ku 'yan kasuwa da magidanta na unguwar Kilomita Biyar, wataƙila kun san wanda zazzaɓi ya kwantar, ya warke, amma har yau ƙarfinsa bai dawo ba. In ya wuni a rumfa yau, gobe da jibi yana kwance. Barci ba ya wartsakar da shi, lissafin ciniki ma rikice masa yake yi. Wasu su ce lalaci ne, wasu su ce sammu. Ciwo ne na gaske, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan jijiyoyi tun 1969. Likita yakan zarge shi idan gajiyar ta kai wata 6.

Me ke kawo shi? Masana na zargin ƙwayoyin bairas masu laɓewa a jiki kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Ƙwayar ƙarambau, alal misali, takan kwanta a jijiya shekaru da yawa, sannan ta farka. Bayan annobar korona, wadda ta shigo Bangui a Maris 2020, an gano ragowar ƙwayarta a hanjin wasu mutane watanni bayan sun warke. Ana jin irin wannan ragowar ce ke hana garkuwar jiki ajiye makami, ita kuwa ta cinye ƙarfin mai ita. Bincike na ci gaba, don haka ku kiyayi mai tallar maganin da wai zai wanke jiki.

Matakin farko shi ne gwaji. Ƙarancin jini, tarin fuka, ciwon sukari, ciwon hanta nau'in B da cuta mai karya garkuwar jiki duk suna kawo kasala, kuma kowanne na da magani. Ku fara da asibitin kusa. Ana kuma gwajin jini a Cibiyar Pasteur ta Bangui. Mai fatauci zuwa Garwa-Bulai ko Duwala ya riƙe takardun gwajinsa a jaka.

Idan gwaji bai nuna komai ba, kada mara lafiya ya yi wa jikinsa dole. Ya rarraba aiki, ya huta tun kafin ya galabaita, ya bar wa wani ɗaukar kaya. Ku kuma iyalinsa, ku gaskata shi, ku kama masa rumfa ranar da ya kasa fita. Allah Ya ba da lafiya.