Gona da rana, hazo da dare

A watan da ya shige na raba dararena tsakanin wasannin kwamfuta iri biyu da ake ganin ba abin da ya haɗa su: masu kwantar da hankali, inda ba mai binka da gudu, da masu ban tsoro, waɗanda aka ƙera domin gabanka ya faɗi. Da na gama sai na ga ashe da ƙasa ɗaya aka gina su.

Na fara da Stardew Valley, wanda wani Ba'amurke, Eric Barone, ya shafe fiye da shekara huɗu yana haɗawa shi kaɗai, zane da kiɗa da labari, kafin ya fito a 2016. Kai ma'aikacin ofis ne da aiki ya ishe shi, sai ka koma gonar da kakanka ya bar maka. Ka yi sharar gona, ka shuka, ka yi ban ruwa, ka gaisa da maƙwabta. Kowane yanayi kwana 28 ne. Abin da ya riƙe ni shi ne wahalarka ba ta faɗuwa ƙasa banza. Abin da ka shuka za ka girba, a ranar da aka ce. Na fahimci dalilin da ya sa jama'a suka yi rububin Animal Crossing: New Horizons da ya fito a watan Maris na 2020, lokacin da korona ta kulle mutane a gida.

Daga nan na shiga Silent Hill 2, wasan kamfanin Konami na 2001 da Bloober Team na ƙasar Poland ya sabunta a 2024. James Sunderland ya sami wasiƙa daga matarsa Mary, wadda ya ce ta rasu shekara uku da suka wuce, tana kiransa wani gari da hazo ya lulluɓe. Hazon nan yana da tarihi. A wasan Silent Hill na farko na 1999, na'urar PlayStation ba ta da ƙarfin zana abin da ke nesa, sai masu ƙera wasan suka rufe nesan da hazo, gazawa ta zama makami. Ga kuma 'yar rediyon da ke aljihun James, wadda ke fara shaƙewa idan wata halitta ta matso. Kunne ya ji, ido bai gani ba. Sau biyu ina cire abin sauraro daga kunnena in zauna shiru.

To me ke sa mutum ya sayi tsoro da kuɗinsa? Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, jiki kan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri. Amma wani sashen nata ya san kana ɗakinka, maɓallin tsayarwa na ƙarƙashin yatsanka. Masu bincike a Jami'ar Aarhus ta Denmark sun auna bugun zuciyar masu shiga wani gidan ban tsoro, suka wallafa a 2020 cewa daɗin yana tsakiya: tsoro kaɗan ba ya gamsarwa, mai yawa kuma yana kashe nishaɗin. Duk wanda ya taɓa roƙon kakarsa tatsuniyar Dodo yana manne da zanenta ya san wannan ma'auni.

Wasan da ya haɗa mini su biyun shi ne Dredge, na wani ƙaramin kamfani a New Zealand, Black Salt Games, da ya fito a 2023, kuma shi na fi so. Da rana kai masunci ne: ka kama kifi, ka sayar, ka gyara jirgi, ka biya bashi. Rana na faɗuwa teku ya canza fuska. Duwatsu kan ɓullo inda ɗazu babu su, tsoron masuncin na ƙaruwa muddin yana cikin duhu, har ya fara ganin abin da ba ya nan. Lokaci ba ya tafiya sai kana wani aiki kamar tuƙi ko kamun kifi, saboda haka kai ne da kanka kake janyo daren, da kwaɗayin ƙarin kifi ɗaya.

Wani dare na yi nisa, injina ya lalace, fitilata ba ta haska komai sai ruwa baƙi. A hankali na lallaɓa, ina bin hasumiyar hasken garin Greater Marrow, har jirgin ya taɓa gaɓa. Na ɗaure shi, na kwantar da masuncin, da gari ya waye na kai kifin kasuwa.