Son Sani da Naci a Hidima: Misalin William Carey

Masu hidima da yawa sukan ɗauka baiwa ce kaɗai take kai mutum nesa. Tarihin William Carey ya nuna halaye biyu da kowane ɗalibi zai iya koya, wato son sani da naci.

An haifi Carey a 1761 a ƙauyen Paulerspury cikin Ingila, ɗan masaƙi. Tun yana yaro yakan tara tsirrai da ƙwari domin ya san yadda suke. Da ya kai shekara 14 aka ba shi koyon ɗinkin takalma. Yana wannan sana'a ya koyi Helenanci da taimakon wani masaƙi mai ilimi, daga baya ya ƙara da Ibrananci. Labaran tafiye-tafiyen Kyaftin Cook suka sa ya fara tambaya game da al'umman da bishara ba ta kai musu ba. Sai ya zana taswirar duniya ya manna a bango, yana rubuta abin da ya samu game da yawan mutanen kowace ƙasa da addininsu.

Binciken nan ya haifi littafin da ya buga a 1792, inda ya nuna cewa umarnin Yesu na almajirantar da al'ummai yana kan ikilisiya har yau. A shekarar nan aka kafa ƙungiyar mishan ta Baptis a Kettering. A 1793 shi da kansa ya sauka a Indiya.

Can aka gwada nacinsa. Kuɗi suka ƙare, ya kama aiki a masana'antar shuni domin ciyar da iyali. Ɗansa Peter ya rasu yana shekara 5, matarsa Dorothy kuma ta kamu da taɓin hankali. Shekara bakwai ya yi kafin a yi wa Krishna Pal, Bahindu na farko da ya ba da gaskiya ta wurin aikinsu, baftisma a Disamba 1800. A 1801 Sabon Alkawari cikin harshen Bengali ya fito, Carey kuwa ya yi ta gyara fassarar sau da dama. A 1812 gobara ta cinye maɗaba'arsu a Serampore tare da rubuce-rubucen shekaru, ya koma ya sāke aikin. Ya rasu a 1834 bai taɓa komawa Ingila ba.

Ku lura yadda halayen biyu suke tafiya tare. Son sani ne ya nuna masa inda aikin yake, naci kuma ya riƙe shi a wurin. Da naci kaɗai yake da shi, da ya ƙare kan fassarar farko da kurakuranta. Da son sani kaɗai ne, da ya tsaya a kan taswirar bango. Haka Musa ya ratse domin ya duba kurmin da yake ci da wuta (Fitowa 3), sa'an nan ya jure shekara 40 da jama'a a jeji.

Akwai gargaɗi kuma. Masana tarihi sun nuna iyalin Carey sun sha wahala ƙwarai, 'ya'yansa ba su sami kulawar da ta kamata daga wurinsa ba. Naci a aiki bai sauke wa fasto nauyin gidansa ba (1 Timoti 3:4-5).

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Wace tambaya game da jama'ar da kake yi wa hidima ce ba ka taɓa bincika ba?
2. Wane aiki ka ajiye domin sakamako ya yi jinkiri?
3. Ta yaya za ka nace a hidima ba tare da iyalinka sun cutu ba?