Layin Dogo a Tsakar Gida: Kafin Ki Saya wa Yaro Fentin Feshi

Idan kina da yaro mai ƙiriniyar ƙere-ƙere, irin wanda ba ya barin kara ko kwali ko murfin kwalba ya wuce shi, to zancen yau naki ne.

A hutun makarantar da ya wuce, yaron nan nawa na fari ya ƙwallafa rai sai ya gina layin dogo a tsakar gidanmu da ke Gafasa. Bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Abin da ya kunna shi shi ne hirar da manya ke yi a kan layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, da reshensa da aka tsara zai bi ta wajen Gaya ya nufi Dutse. Ya haɗa taragu da kara da gwangwanin madara, ya jera tsinken tsintsiya a kan kwali ya ce dogo ne. Sai dai kwali yana nan a kwalinsa, bai yi kama da ƙasa ba.

Rannan ya ɗauki wayata, ya ga bidiyon wani Bature yana fesa wa kwali fenti daga gwangwani, nan take kwalin ya koma kamar dutse. Daga ranar ban ƙara sakewa ba: “Umma, in kin shiga Kano ki sayo mini.” Har na amsa masa.

A makon ne aka kawo mana wata yarinya 'yar shekara bakwai wurin aiki, numfashinta na fita da ƙyar, ƙirjinta na kuka kamar usur. Tana da asma. Yayanta ne ya fesa wa kekensa fenti a cikin ɗaki, ya kuma rufe ƙofa saboda sanyin hunturu, ita tana zaune tana kallo. Allah ya taƙaita, ta koma gida da ƙafarta. Ni kuwa da na dawo gida sai na janye alkawarin da na yi.

Me ke cikin gwangwanin?

Gina ƙananan jiragen ƙasa da garuruwansu tsohuwar sha'awa ce a Turai da Amurka, har manya ke yi. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda mutane ke biyan kuɗi don kallon irin wannan aiki. Masu wannan sha'awa ne ke amfani da fentin feshi mai gurza-gurza, wanda ke bushewa da kaushi kamar dutse ko siminti.

Abu uku ne a cikin gwangwanin. Akwai launi haɗe da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ba da kaushin. Akwai ruwan da ke narkar da fentin, wanda a yawancinsu dangin tina ne, irin wadda masu fentin mota ke amfani da ita. Sai iskar da ke turo shi waje, wadda galibi irin gas ɗin girki ce. Wannan ya sa fentin yake da wari mai hawa kai, kuma yake kama wuta da wuri.

Yaro ya fi babba saurin numfashi, hanyoyin iskar huhunsa kuma ƙanana ne, don haka tururin ya fi yi masa illa. Yana kawo tari, jiri, ciwon kai da tashin zuciya, yana kuma tayar da asma. Kada ki manta, dangin waɗannan sinadarai ne ke cikin sholisho da ke lalata mana matasa. Ba abin da za a bar wa yaro a ɗaki shi kaɗai ba ne.

Yashin bayan gida ya fi dacewa

Da na zauna na bincika, sai na gano abin da ya ba ni dariya: abin da ake nema a gwangwanin yana zube a ƙofar gidanmu.

Ga lissafin. Ma'aunin da masu wannan aiki suka fi amfani da shi shi ne 1 bisa 87, wato kowane abu an rage girmansa sau 87. Ƙwayar da ta kai milimita 1 a kan kwali, a ido tana matsayin dutse mai kusan santimita 9, kamar babban lemo. Tsakuwar da ake zubawa a ƙarƙashin dogo na gaske kuwa ba ta cika wuce girman ƙwan kaza ba. Idan aka rage ta sau 87, za ta dawo kusan rabin milimita, daidai da yashin da kika tankaɗe da rariya. Shi ya sa fentin gurza-gurza yakan yi wa ƙaramin aiki kaushi da yawa, yashi kuma ya zauna daram.

In jirgin ɗanki ya fi haka girma, kamar na kara, sai ki bar masa yashi mai ɗan gari-gari. Ku yi ɗan mutum-mutumi da laka daidai da ƙofar taragon, ku ajiye a gefe. Duk ƙwayar da ta fi tafin ƙafarsa girma, dutse ce, ba tsakuwa ba.

Yadda muka yi namu

Mun nemi kwali mai kauri, da farin gam na kafintoci, da tsohon buroshi, da rariya. In babu gam, sitaci da aka dama ya yi kauri yana riƙewa, sai dai ɓera da kyankyaso na son sa, a rataye aikin a sama.

Da farko a dama jar ƙasa da ruwa da ɗan gam a shafe kwalin duka, don kada launinsa ya riƙa leƙowa. In ya bushe, a sirka gam da ruwa daidai wa daida, a shafa wuri kaɗan, a barbaɗa abin da ake so tun da danshi. A bar shi ya kwana, sannan a karkata kwalin a kaɗe abin da bai kama ba.

Tsakuwar dogo: yashi tankaɗaɗɗe a gauraya da ɗan toka, ya ba da ruwan toka.

Hanyar burji: garin marmara ko jar ƙasa.

Baƙin mai a tsakiyar dogo: garin gawayi, a goga da ɗan yatsa.

Gonar da aka yi wa huɗa: a ɓare fatar kwali ta sama, layukan ciki su fito kamar kunya, a barbaɗa busasshen ganyen shayin da aka riga aka dafa.

Ciyawa: garin katako daga wurin kafinta, a rina shi da koren fentin ruwa na 'yan makaranta, a shanya. Mu da garin kuka muka fara. Yana haɗuwa da gam ya yi yauƙi, gona ta koma miya.

Tudu da duwatsu: a cukuikuye tsohuwar takarda, a lulluɓe da wata da aka jiƙa da gam, a bi da ƙasa.

Da muka gama, kakarsa ta leƙo ta ce aikin bai cika ba sai da dalar gyaɗa. Nan ta zauna tana ba shi labarin yadda gyaɗar ƙasar nan ke bin jirgi zuwa Ikko. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa a bayansa. Yaron ya tara ƙwayoyin gero ya manna su tsibi guda a gefen tasha.

In dole sai an fesa

Wani aikin, kamar taragon gwangwani, fentin ruwa ba ya kama shi sosai. In za a fesa, babba ne zai yi, ba yaro ba.

A yi a fili, iska na kaɗawa daga bayan mai fesawa. A yi nesa da murhu, risho, gas da janareta. Jarirai, mai ciki da mai asma su bar wurin. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare tururin, kada ya ruɗe ki.

A girgiza gwangwanin sosai, a riƙe shi nesa da aikin kamar tsawon rula, santimita 25 zuwa 30, a fesa sama-sama sau biyu ko uku maimakon a jibga lokaci guda. Farin abin nan mara nauyi da ake tokare talabijin da shi a kwali, yawancin fentin feshi na cinye shi, sai an fara shafe shi da gam ya bushe. Aikin ya wuni a waje har warin ya fita kafin ya shiga ɗaki.

Gwangwanin da ya ƙare ma abin tsoro ne. Yara kan fasa shi don ciro 'yar ƙwallon da ke ƙara a ciki, ko su jefa shi a wutar bola. Yana iya fashewa. Ki ɓoye shi inda hannunsu ba ya kaiwa, ba kuma cikin rana ba.

Idan tsautsayi ya faru

Ki fitar da yaron iska nan da nan, ki zaunar da shi, kada ki kwantar. In mai asma ne, ki ba shi abin shaƙarsa. In ya shiga ido, ki yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15. In a fata ne, man gyaɗa da sabulu sun isa, ban da kananzir ko fetur. Kada ki ɗura masa manja ko madara, kada ki sa shi amai.

In kin ga numfashi na sama-sama, haƙarƙari na lotsawa, ya kasa haɗa magana, leɓɓansa sun canza launi, ko barci na fizgarsa, ku tafi asibiti, ki riƙo gwangwanin a nuna wa ma'aikata.

Kada tsoron fenti ya sa ki kashe wa yaro gwiwa. Tarihi ya nuna maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka fito, aikin hannu gadonmu ne. Ki ba shi rariya da kwali da ɗan lokacinki. Namu layin yana nan a rataye a rumfa, yanzu kuma rigimar gada ake yi mini.

Ke fa, me ɗanki ya taɓa ƙerawa, kuma da me kuka yi masa ado? Ki faɗa mana a ƙasa, wata uwar ta ƙaru. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.