Ƴan kokowa da yaƙi da cin zarafin mata da yara a jahar Maraɗi

Idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi, aka cika rumbuna, sai ganguna su tashi a karkarar Maraɗi. Daga Tibirin Gobir har zuwa Jiratawa, da wuya a sami garin da ba shi da dandalin kokowa, kuma babu taron da ke haɗa manomi da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati wuri guda kamar nata. Saboda haka ne masu aikin wayar da kan jama'a suke neman bakin ƴan wasa, domin maganarsu tana shiga inda takardar hukuma ba ta kai ba.

Maraɗi tana da tarihi a wannan fage. A gasar ƙasa ta farko, wadda aka yi a Tawa a shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, ɗan jahar nan ne, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, ya zamo zakara. Yau babban filin kokowa na birnin Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. A gasar takobi kowace jaha daga cikin takwas takan kawo ƴan kokowa 10, kuma rediyo da talabijin suna kai labarin kowane karo har ƙauyuka da rugage.

Matsalar da ake son su sa baki a cikinta babba ce. Binciken lafiyar jama'a na shekarar 2012 ya nuna cewa a Nijar, mata 76 cikin 100 masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kuma 28 cikin 100 kafin su cika 15. A jahar Maraɗi adadin auren kafin 18 ya kai 89 cikin 100. Bayan wannan lissafi akwai yarinyar da aka cire daga lakwal, da wadda doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, da matar da ke shan duka ta yi shiru don gudun a ce ta tona asirin gidanta. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare ɗiya mace da ke karatu. Amma dokar da faransanci aka rubuta ta, alhali shawarar aurar da yarinya a zaure ake yanke ta.

An riga an ga amfanin bakin ƴan wasa. Ƙungiyar Animas-Sutura ta sa Balla Haruna na Damagaram, tsohon mai riƙe da takobi, cikin faɗakarwa a kan cutar sida, ya fito fili ya faɗi abin da maza da yawa ke jin nauyin faɗa. Abdul Razak Isufu Alfaga, wanda ya kawo wa ƙasa lambar azurfa ta takwando daga Riyo a 2016, ya zama jakadan UNICEF mai kare haƙƙin yara. Game da Kodibuwa kuma, a watan Oktoba na 2005, ɗan ƙwallo Didiye Dorogba da abokan wasansa sun durƙusa a gaban talabijin suna roƙon masu yaƙi su ajiye makamai.

Ɗan kokowa yana da hujjar da ta fi ta kowa, domin ita ce dokar sana'arsa. A fili, ƙato da ƙato ɗan'uwansa yake karawa. Ba a naushi, ba a cizo. Da zarar abokin karo ya faɗi, an gama, sai wanda ya yi kaye ya ja da baya. Wanda ya ƙetare wannan iyaka alƙali zai hukunta shi, ƴan kallo kuma su yi masa ature. Idan mutumin da ya kada zakarun jahohi ya tsaya ya ce ɗaga hannu a kan mace ko yaro ba jarumta ba ce, babu saurayin da zai kira shi rago.

Sai dai aikin yana da sharuɗɗa. Na farko, a horar da ɗan wasan ya san dokar da kuma inda wadda aka zalunta za ta kai kuka: wurin mai gari, ko asibiti, ko jandarma, ko gaban alƙali. Na biyu, ya fara gyara gidansa, don wanda ake jin kukan matarsa daga bayan danga ba shi da bakin yi wa wasu gargaɗi. Na uku, kada a tsaya a babban filin birni. A bi dandalin Tibiri da na Jiratawa, tare da sarakuna da malamai, da makaɗan da ke yi wa ƴan kokowa kirari.

Kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba na kowace shekara, suna faɗowa daidai lokacin kokowar kaka. Jama'a tana taruwa da kanta, ba sai an yi shela ba. Ya rage ga shugabannin wasanni na jaha da ma'aikatan kula da mata da yara su haɗa kai, su miƙa wa zakaru lasifika kafin a buga gangar karon ƙarshe.