Manuwar Ashanti: Ƙirarta da Aikinta a Yaƙin Duniya na Biyu

Cikin jiragen ruwan yaƙi akwai wani iri ƙarami mai gudun gaske, wanda aikinsa shi ne rakiyar ayarin jirage da farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Ingila ta ƙera irinsa guda 16 kafin yaƙi, ta sa musu sunayen kabilu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Ashanti, wadda aka saka a ruwa a Dumbarton, ƙasar Sikotlan, a 1937.

Tsawonta ƙafa 377, gudunta ya kai mil 41 cikin sa'a, ma'aikatanta kuwa wajen 190. Da yake wasu ƙasashe suna ƙera manya, sai aka ɗora mata igwa 8 masu baki inci 4.7, aka rage bututun harba nakiyar ruwa, watau tofido, zuwa 4.

A Fabrairu 1939 ta sauka Takoradi, a ƙasar da ake kira Ghana tun 1957. Sarkin Ashanti, Prempeh II, ya yi mata kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya.

Sa'ad da yaƙi ya tashi, sai aibin ƙirar ya bayyana. Igwan ba su iya ɗaga baki sama sosai, saboda haka jirgin sama ya zame musu ƙarfen ƙafa. A gaɓar Norwe, a 1940, jiragen saman Jamus suka nutsar da 'yan'uwanta biyu, Gurkha da Afridi. Daga nan aka cire igwa 2 daga kowace, aka maye da masu harbin sama.

A 1942 Ashanti ta raka ayari zuwa tsibirin Malta, da kuma Rasha ta tekun ƙanƙara. A Satumba aka harbi 'yar'uwarta Somali. Ta ja ta kwana 4, amma guguwa ta karya Somali, mutane da yawa suka halaka. Ran 9 ga Yuni 1944, kwana 3 bayan saukar mayaƙa a Nomandi, ita da abokanta suka tare jiragen Jamus, suka nutsar da ZH1.

Cikin 16 ɗin nan 4 kaɗai suka ga ƙarshen yaƙi: Ashanti, Eskimo, Nubian da Tartar. A 1949 aka farfasa Ashanti. Maƙeranta sun shirya wa abokin gaba na ruwa, ashe mafi haɗari daga sama zai ɓullo.