Hotunan da gara ke cinye mana

A shekarar 1899 Faransawa suka ci Damagaram, daga baya kuma Zinder ta zama hedkwatar mulkinsu a Nijar har zuwa 1926. Sojojinsu da ma'aikatansu sun ɗauki hotunan fadar sarki da ganuwar Birni wadda Sarki Tanimun ya ƙarfafa. Yau ganuwar ta zube sai guntaye, yawancin hotunan kuma suna ajiye a Faransa. Haka ya faru a Sin: wani mai ɗaukar hoto, John Thomson, ya zaga ƙasar da kyamara tsakanin 1868 da 1872, daga baya aka rushe mafi yawan ganuwar Beijin don a yi hanyoyi, aka bar mutane da kallon hoto.

Mu a Matameye babu wanda ya tanadar mana komai, sai abin da ke cikin adakar tsofaffi. A ta kakata na ga wani hoto baƙi da fari: mutum uku da rawani tsaye gaban zaure mai zanen ado, na tsakiya riƙe da linzamin doki. Gara ta cinye gefe guda, danshin damina ya shafe fuskar ɗaya. Zauren an rushe shi, an yi shagon siminti. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kakata kaɗai ta san sunayensu, ga shi idonta ya yi rauni.

Don Allah ku buɗe adakar nan tun masu bayani suna raye. Ku ɗauki kowane hoto da waya, ku tambayi suna da unguwa da shekara, ku rubuta a bayansa da fensir.