Me ke sa ƙashin kakanninmu saurin karyewa?

A nan PK 14, da damina, mukan ji an ce tsohuwa ta ɗan zame a tsakar gida, ƙashin ƙugu ya karye. Ba faɗuwar kaɗai ba ce. Ƙashi yana tara ƙarfi har wajen shekara 30, bayan nan sai ya riƙa zaizayewa ta ciki, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Kalsiyam ke gina shi: nono, zogale, ƙananan kifin da ake ci har ƙaya. Hasken rana kuma yana ba jiki bitamin D. To, mu yanzu ne lokacin tarinmu. Maɗori yana ɗora karaya, amma zaizayewar sai likita ya duba, a asibiti irin Laquintinie, ya rubuta magani.